In hannun ƙofar mota ya cije

Ran kasuwa, motoci suna cika tashar Sasumburum. Wasu daga Magariya suke, wasu daga Damagaram, wasu kuma daga ƙetaren iyaka, daga Nijeriya. Da yawa cikinsu sun tsufa. Akwai wadda sai direba ya buɗe ƙofa daga ciki, domin hannun waje ya cije. Akwai wadda in an ja hannun sai ya tsaya, ba ya komawa wurinsa, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa.

Mutane sun saba, suna ganin abin ba komi ba ne. Amma in mota ta faɗi a hanya, ko wuta ta kama, masu kawo ɗauki daga waje suke. Hannun waje shi ne abin da za su fara kamawa.

Yaya hannun yake aiki? Abin da ido yake gani kaɗan ne. Hannun yana juyawa bisa wata ƴar ƙusa. A bayansa, can cikin ƙofa, akwai siririn ƙarfe ko waya da ta haɗa shi da makulli. In an ja hannu, ƙarfen ya ja makulli, makulli ya saki ƙofa. In an saki hannu, wata murɗaɗɗiyar waya ta mai da shi wurinsa. Tun daga masana'anta ake shafa giris duk inda ƙarfe yake gogar ƙarfe.

Giris ba ya dawwama. Zafin bazara yana narkar da shi, ya bushe a hankali. In ɗari ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana kawo ƙura mai laushi daga hamada. Hanyoyin ƙauyukan Magariya da Dungas kuma rairayi ne da yawa. Ƙura ta shiga ta gefen gilashi, ta manne da giris, ta zama kamar laka. Da damina ruwa ya bi wannan hanya, tsatsa ta kama ƙusa da waya.

Saboda haka, wanda ya tsiyaya mai bisa wannan dauɗa bai yi gyara ba. Mai da rairayi in sun haɗu suna cin ƙarfe kamar dutsen washi. Wanki shi ne aikin farko.

Sai a ɗaga hannun a riƙe, a goge ƙarƙashinsa da tsumma da tsohon buroshin haƙori. Bayan nan a fesa mai marar kauri, wanda yake ratsa tsatsa, daidai inda ƙusa take. Wanda aka fi sani shi ne WD-40. An ƙirƙiro shi a San Diego ta Amurka a 1953, don ya kori ruwa daga jikin ƙarfe. In babu shi, ɗigo biyu ko uku na kananzir suna taimakawa, amma nesa da wuta. A dakata kaɗan, a yi ta jan hannun ana saki, har baƙin ruwa ya daina fitowa. A sake gogewa.

Wannan mai wanki yake yi, ba ya daɗewa. In wuri ya bushe, sai a sa giris sabo, ɗan kaɗan, kamar ƙwayar dawa. Wanda ya yi yawa ƙura yake kira. A sa kuma a bakin makulli, can gefen ƙofa. Tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, hannunsu na ƙarfe ne. Motocin yanzu kuwa da yawa na roba ne, man silikon ya fi dacewa da su.

Ƙasar Magariya ƙasar gyaɗa ce, man gyaɗa yana kowane gida. Duk da haka bai kamata a sa shi ba. Yau ya yi santsi, bayan ƴan makonni ya yi danƙo kamar ƙaro. Baƙin man da aka juye daga inji shi ma akwai toka da garin ƙarfe a ciki. Man birki kuwa cinye fenti yake yi. Ramin mabuɗi ba ya son giris ko kaɗan: a goga bakin fensir a jikin mabuɗi, a sa a fitar sau da yawa, ya isa.

In an yi duk wannan hannun bai saki ba, kada a fizge shi da ƙarfi, karyewa zai yi. Wataƙila murɗaɗɗiyar wayar ce ta tsinke, ko ƙarfen ciki ya lanƙwashe. Wannan aikin bakanike ne: ya cire bangon ƙofa na ciki, ya sake abin da ya lalace.