Jagoran wasa: Mai riƙe da labarin da ba nasa shi kaɗai ba

A wasannin ƙirƙirar labari da ake yi a rubuce ta intanet, mutum biyar ko shida kan haɗu daga ƙasashe daban-daban, kowa ya ɗauki tauraro guda ya zama bakinsa. Ɗaya daga cikinsu ba ya ɗaukar tauraro, domin shi ne jagoran wasa. Shi zai rubuta cewa ayari ya iso bakin ganuwa da magariba, an rufe ƙofa, masu gadi kuma sun ce sai an ba su na goro. Sai kowane ɗan wasa ya rubuta abin da tauraronsa zai yi: wannan ya biya, wancan ya lallaɓa ya haura katanga, wani ya zare takobi. Jagora ne zai faɗi abin da ya biyo baya.

Aikin ya yi kama da na mai ba da tatsuniya, sai dai akwai bambanci babba. Mai tatsuniya ya san inda Gizo zai ƙare tun kafin ya buɗe baki. Jagoran wasa kuwa bai san ƙarshen labarinsa ba, saboda taurarin suna hannun wasu.

Asali daga barikin soja

Wannan matsayi ya girmi intanet da fiye da ƙarni guda. A shekarar 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furushiya, a Jamus ta yau, wasan yaƙi na taswira da ake kira Kriegsspiel. Ɓangarori biyu kan rubuta umarninsu su miƙa wa alƙali, shi kuma ya motsa dakaru, ya sanar da kowane ɓangare abin da sojojinsa za su iya gani kawai. A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya rage yawan ƙa'idojin, ya bar hukunci ga gogewar alƙali.

A 1969, a jihar Minnesota ta Amurka, David Wesely ya gudanar da wasan Braunstein, inda kowane ɗan wasa ya zama mutum guda a cikin gari maimakon kwamandan runduna. Ɗaya daga cikin mahalartan, Dave Arneson, ya faɗaɗa dabarar, sannan shi da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, bugun farko kwafi 1,000. Tun daga lokacin jagora ya haɗa aiki uku: mai tsara duniyar labari, mai magana da yawun duk wanda taurari suka ci karo da shi, da mai yanke hukunci.

Nauyin wasa a rubuce

A kan tebur, jagora na kallon fuskokin jama'arsa, yana gane wanda ya gaji da wanda ransa ya ɓaci. A rubuce babu wannan. Faɗan da za a gama cikin awa guda ido da ido yakan ɗauki makonni, domin safiyar wani daren wani ce. Don haka jagora kan sa ƙa'idar cewa kowa ya yi rubutu cikin wa'adi, ya kuma yanke abin da za a yi da tauraron wanda ya ɓace ba sallama. Idan ya jira, labari ya yi sanyi. Idan ya wuce, mai tauraro ya dawo da ƙorafi.

Ƙa'ida mafi tsauri a irin waɗannan wasanni ita ce kada kowa ya rubuta wa tauraron wani abin da zai yi ko zai ji. Ɗan wasa na da ikon cewa ya kai sara, amma ba shi da ikon cewa saran ya kama. Wannan na jagora ne, ko dai da hankalinsa ko ta hanyar jefa ƙwaya mai lambobi irin ta lido, wadda a Dungeons & Dragons ke da fuska har 20. Sau da yawa babu mai ganin jifan sai shi, don haka jarinsa kaf amana ce. Ranar da aka zarge shi da fifita aboki, wasa ya kama hanyar watsewa.

Idan babu mai tsawatarwa

Abin da ya faru a LambdaMOO, wata duniyar rubutu da Pavel Curtis ya kafa a 1990, ya nuna illar rashin mai hukunci. Masu kula da ita sun janye daga sasanta rigingimun jama'a. A 1993 wani mahaluki ya yi amfani da wata dabarar kwamfuta ya rubuta ayyukan batsa da sunan taurarin wasu, a gaban kowa. Ba a taɓa jikin kowa ba, amma waɗanda abin ya shafa sun ji ciwonsa ƙwarai. Bayan doguwar muhawara, ɗaya daga cikin masu kula ya goge tauraron mai laifin, daga baya aka kafa tsarin ƙorafi da ƙuri'a. Ɗan jarida Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a ƙarshen shekarar.

Shi ya sa jagorori da dama a yau kan fara da zaman yarjejeniya kafin wasa, inda kowa zai faɗi abin da ba ya so a taɓo, kamar fyaɗe ko azabtarwa.

Aikin sa kai da sabon ɗan takara

Mafi yawan jagorori ba a biyansu ko sisi. Shirin Critical Role, wanda Matthew Mercer ya fara jagoranta a 2015, ya ɗaga darajar aikin, har masoyansa suka tara sama da dala miliyan 11 a 2019 domin a mayar da labarin fim ɗin zane. Amma ya kuma ɗora wa talakan jagora nauyi, domin wasu 'yan wasa na zuwa da tsammanin ƙwarewar mai sana'a daga mutumin da ke rubutu bayan ya taso daga aiki. Gajiyar jagora na cikin manyan dalilan da ke sa wasanni mutuwa ba a kai ƙarshe ba.

A 2019 ɗin ne kuma aka fitar da AI Dungeon, inda ƙirƙirarriyar basira ke zama jagora. Na'ura ba ta gajiya, ba ta barci, tana amsawa nan take. Sai dai takan manta abin da ya gudana a baya, kuma takan biye wa ɗan wasa duk inda ya ja ta. Jagora na gari kuwa yakan ce a'a, ya lura da wanda ya yi shiru kwana uku, ya buɗe masa ƙofa a cikin labari domin ya dawo.