Pergolesi: Makaɗin Italiya Mai Harsuna Uku

Gabatarwa

A darasin nazarin waƙa mun sha yin muhawara a kan ko akwai harshen da ya fi wani dacewa da waƙa. Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, wannan batu ya daɗe yana damuna, domin na sha jin ana cewa harshe kaza na ilimi ne, wani na kasuwa, wani kuma bai wuce na ban dariya ba. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin Giovanni Battista Pergolesi, wanda waƙarsa ta taɓa haddasa irin wannan gardama a Turai.

Rayuwarsa

An haifi Pergolesi a garin Jesi da ke tsakiyar Italiya ranar 4 ga Janairu, 1710. Tun yana yaro aka kai shi birnin Napoli, inda ya yi karatu a wata makarantar koyon kiɗa, ya ƙware a gogen Turawa. Sana'arsa ita ce tsara kiɗa da rauji. Wani ne yake rubuta baitoci, shi kuma ya ɗora musu murya. Fage biyu ya yi wa aiki: coci, da kuma ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa a kan dandamali. Bai yi tsawon rai ba. Tarin fuka ya kama shi, ya koma wani gidan masu ibada a Pozzuoli kusa da Napoli, a nan ya rasu a watan Maris na 1736 yana da shekara 26.

Harsunan da Ya Yi Aiki da Su

A Napoli ta wancan zamani kowane fage yana da harshensa. Na farko shi ne Latin, harshen ibada a cocin Katolika. Da shi Pergolesi ya yi Stabat Mater, wadda ya kammala dab da rasuwarsa. Baitocinta tsofaffi ne, tun ƙarni na 13, suna bayyana baƙin cikin Maryamu a gindin gicciye. Ya tsara ta domin muryoyi biyu kawai da 'yan goge. Wasu masana na lokacin sun soke ta, wai raujinta ya yi kama da na dandamali fiye da na ibada, amma ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka fi bugawa a ƙarni na 18.

Na biyu shi ne daidaitaccen Italiyanci, harshen adabi da manyan wasannin sarakuna da jarumai. Misali shi ne L'Olimpiade, wanda Metastasio ya rubuta, aka nuna shi a birnin Roma a 1735.

Na uku kuwa shi ne karin harshen Napoli, wanda talakawa ke magana da shi a kasuwa da unguwa. A 1732 Pergolesi ya fito da wasan barkwanci mai suna Lo frate 'nnamorato, wanda mafi yawansa da wannan kari ne, kuma ya sami karɓuwa ƙwarai. Bai raina shi ba. Gwanintar da ya zuba wa Latin ita ya zuba masa.

Baranyar da Ta Tayar da Ƙura

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1733 an nuna babban wasansa Il prigionier superbo, sai aka saka wani ɗan gajeren wasa a tsakanin fitowa da fitowa don 'yan kallo su huta. Sunansa La serva padrona, wato baranyar da ta zama uwargida. Mutum uku ne kacal a ciki: baranya Serpina, da maigidanta Uberto wanda ta yi wa dabara har ya aure ta, da bara Vespone wanda ba ya cewa uffan. Babban wasan ya shuɗe, ƙaramin ya ɗore.

A 1752, shekara 16 bayan rasuwarsa, wasu 'yan wasan Italiya suka nuna shi a Paris. Nan take masana suka rabu gida biyu, masu goyon bayan salon Faransa na Lully da Rameau, da masu son na Italiya. A 1753 Jean-Jacques Rousseau ya wallafa wasiƙa yana cewa Faransanci bai dace da waƙa ba, saboda yawan baƙaƙensa da wasulan hanci da gaɓoɓin da ake haɗiyewa. Abin mamaki, shi kansa ya riga ya tsara wasan waƙa da Faransanci a 1752, jama'a kuma suka so shi. Haka nan Bach ya ɗauki raujin Stabat Mater ya ɗora masa Zabura ta 51 da Jamusanci, ta zauna daram.

Kammalawa

Ba na musun cewa sautin harshe yana tasiri a kan rauji. Duk wanda ya gwada rera waƙar Hausa ba tare da kula da dogon wasali da gajere ba ya san haka. Sai dai wannan sharaɗi ne da mawaƙi zai koya, bai isa hujjar fifita wani harshe a kan wani ba. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, idan muka zo zaɓen abin da za mu yi bincike a kai, kada mu tsallake waƙoƙin da aka yi da karin harshe ko da ƙananan harsunan garuruwanmu don ganin ba su kai ba.