Daga Birnin Damagaram zuwa Magarya da Dungas: abubuwan gani a kudancin jiha

Idan aka yi zancen yawon buɗe ido a Jamhuriyar Nijar, sai hankalin mutane ya tafi Agadas da duwatsun Abzin. Amma a jihar Damagaram, daga Birni har bakin iyakar Najeriya, akwai wurare masu tarihi waɗanda ƴan ƙasa da yawa ke wucewa ta gabansu a mota ba su san labarinsu ba. Mafi yawansu ginin ƙasa ne, ko itatuwa masu rai, ko kuwa labari ne da ke bakin tsofaffi. Duk ukun suna iya ɓacewa in ba a kula da su ba.

Matafiyi zai fara ne da unguwar Birni a cikin garin Zinder. Nan fadar Sarkin Damagaram take, tare da masallacinta da filin da ke ƙofar fada. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaukaka garin. Ya kewaye shi da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, fatake kuma suka riƙa zuwa daga Kano da Barno da Tarabulus. Yau ragowar ganuwar kaɗan ce ake gani. A lungunan Birni akwai gidajen ƙasa masu zanko a bisa, da zane mai kyau a jikin zaure, an gina su a tsakanin manyan duwatsu. Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka a garin ranar 25 ga Disamba 1852, ya yi wajen wata guda. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 kuma sojojin Faransa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. Zinder ce ta zama hedkwatar mulkin mallaka daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. A 2006 hukumar Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Wanda ya zo da salla zai ga hawan sarki da dawaki da ƴan bindiga, da hawan ƙaho da mahauta ke yi. Wanda ya zo a sauran kwanaki sai ya leƙa unguwar Zango, mazaunin fatake na da, ya ga aikin majema da dukawa. Kilomita 18 daga garin akwai Mirya, wadda ta yi suna wajen ginin tukwane da lambuna da kukoki.

Daga Zinder hanyar kwalta ta miƙa kudu, ta bi ta Dogo da Bande, ta isa Magarya bayan wajen kilomita 90. A wannan hanya ƙasa takan canza a gaban idon mutum. Duwatsu su ragu, a shiga kwarin Korama, inda ruwa yake kusa da bisa. A fadamun wannan yanki ake noman rake da rogo da dankali da kayan miya, ga dabino da goriba da mangwaro. Da kaka da farkon rani akan ga amalanke da motoci ɗauke da rake zuwa kasuwanni.

Abin da ya fi jan ido a gonakin tudu shi ne gawo. Wannan itace yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero rana, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su ci ƴaƴansa su bar taki a gindinsa. Bayan farin shekarun 1973 da 1984 gonaki da yawa sun zama fili. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka riƙa barin toho a gona, suna sassabe shi suna renonsa maimakon su cire shi. Binciken da masana suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo haka a gundumomin uku ta kai wajen eka miliyan 1, da awon hekta. Masana daga ƙasashen waje sun zo ganin wannan aiki, wanda talakawa suka yi da gatari da haƙuri.

Garin Magarya kansa yana da alaƙa da Daura. Lokacin da masu jihadi suka ci Daura a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya fito ya zauna a wurare dabam-dabam. Yekuwa, wadda ke cikin gundumar Magarya a yau, tana cikinsu. Tarihin baka yana danganta kafuwar Magarya da Masallaci, ɗan gidan sarautar Daura. Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba ƙasar gida biyu, amma ba ta raba zumunta ba. Har yanzu aure da kasuwa suna haɗa mutanen Magarya da na Baure da Zangon Daura. A zamanin gyaɗa kuma, wato kafin ƴancin kai da bayansa har farin 1973, Magarya tana cikin manyan wuraren awo na ƙasar.

Gabas da Magarya sai Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Dungas da Waca da Mirya su ne tsofaffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda sarautarsu ta girmi ta Damagaram, kafin sarakunan Zinder su rinjaye su a ƙarni na 19. Baƙon da ya je gaisuwa ƙofar fada a Dungas ko Waca, ya zauna da fadawa da makaɗa, zai ji jerin sunayen sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe waɗanda ba a koyarwa a lakwal.

Ga inda damuwa take. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kowace shekara, in an bar shi damina biyu ko uku sai ya zube. Masu hali suna rushe zauren kakanninsu su sa siminti da kwano. Magina masu iya zane suna tsufa, matasa kuwa ba su cika koyon sana'ar ba. Tsohon da ya san tarihi in ya rasu ba a rubuta ba, shi ke nan.

Saboda haka akwai aiki a kan kowa. Magadan gari da sarakuna su ƙidaya tsofaffin gine-gine da kushewun sarakuna da manyan itatuwa na yankinsu, su hana a taɓa su. Malaman makaranta su kai ɗalibai su gani da idonsu. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuwa, ga inda alƙalaminsu zai yi amfani: su zauna da dattawan garinsu, su rubuta abin da suka ji da Hausa, da sunan mai ba da labari da ranar da aka yi hira, su kai kofi ɗaya ofishin magajin gari a adana. Ma'aikacin da aka tura aiki Magarya ko Dungas, kada ya cika shekarunsa ya tashi bai taka ƙofar fadar Waca ba, bai kuma zauna inuwar gawo ya tambayi mai gona yadda ya rene shi ba.