Dokin da aka sayar a Gandun Dabbobi

Yaron da ya taso da tatsuniyar Gizo ya riga ya san ƙarami kan kayar da babba. Gizo ba ƙarfi gare shi ba, da wayo yake wasa da hankalin Zaki da Kura, yara su yi ta ƙyalƙyala dariya, manya ba su hanawa, tunda ai tatsuniya ce. Irin wannan riga George Orwell ya sa wa littafinsa Animal Farm, har ma shi da kansa ya kira shi tatsuniya.

Masu ɗab'i a Landan dai sun gane abin da rigar ta rufe. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ƙawar Ingila ce, aladun labarin kuwa duk wanda ya duba jagororin Sobiyet, Stalin da Trotsky, yake gani. Kamfanoni suka yi ta maido masa da rubutunsa, har da wanda mawaƙi T. S. Eliot ke aiki a ciki. Sai a watan Agusta na 1945 littafin ya fito. A Sobiyet an hana shi har ƙarshen shekarun 1980.

Bala Abdullahi Funtua ya mayar da shi Hausa a 1975, shekarar da sojoji suka hamɓarar da Gowon, ya raɗa masa Gandun Dabbobi. Manomi mai gandun ya zama Nomau, manyan aladun biyu Maitumbi da Ɗantulu. Yunwa da bulala suka sa dabbobi suka fatattaki Nomau, suka rubuta dokokinsu a bango. Daga baya aladu suka riƙa lallaɓawa da dare suna ƙara wa kowace doka 'yar kalma, sauran da ba su yi nisa a karatu ba sai su ɗauka su ne suka manta. Wasu iyaye na ganin labarin ya yi wa yara nauyi. Ni ina ganin yaro ya fi kowa saurin gane rashin adalci, kuma gara ya fara cin karo da shi a takarda.

Wurin da ya fi ci mini rai labarin Akawal ne, dokin gandun. Shi ke riga kowa tashi, shi ke jan duwatsu har ƙirjinsa ya gaza. Da ya faɗi, aka ce asibiti za a kai shi. Tsohon jakin da ya iya karatu ne ya duba rubutun jikin keken da ya zo ɗaukarsa, ya ga na masu yanka dawaki ne. Dabbobi suka bi da gudu suna kiran sunansa. Aka ji kofatonsa na dukan ƙyaure daga ciki, dukan na raguwa har ya ɗauke. Da kuɗinsa aladu suka sayo akwatin giya.