Lambun tsakar gida: Daga tukunyar miya zuwa kitson mata a Ruwan Godiya

A ƙasar Faskari, Fabrairu wata ne na sauyin yanayi. Sanyin asuba yana ja da baya, hazo yana washewa, rana kuma ta fara nuna cewa bazara na tafe. A wannan ɗan tsakanin ne tumatir da attaruhu da albasa suke araha a kasuwannin Sheme da 'Yankara da Funtuwa, domin masu noman rani suna tsakiyar kwashe amfani. Wanda ya san kasuwa ya san arahar ba ta jimawa. Daga Afrilu zuwa Yuni kayan miya sukan gagari mai ƙaramin ƙarfi, har uwargida ta koma ga busasshen tumatir da miyar kuka. Ra'ayina shi ne, waɗannan makonni na ƙarshen hunturu su ne lokacin da ya dace kowane gida a Ruwan Godiya da kewayenta ya kafa ɗan lambu a tsakar gida, ya kuma fifita shuke-shuken da suke shiga miya, suke kuma gyara gashin mata.

Ruwan Godiya ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Faskari, a kudancin Katsina, yankin da aka sani da masara da dawa da auduga. Mutanen nan ba baƙin noma ba ne. Abin da ya sauya shi ne nisan da manomi zai iya yi daga gari ba tare da fargaba ba. Shekarun da aka shafe ana fama da 'yan bindiga sun sa an yi watsi da gonakin nesa da fadamu masu yawa. Duniya ta ji labarin yankin a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Mun ga yadda rufewar hanya guda take isa har cikin tukunyar miya. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara kuɗin ban ruwa da na dakon kaya. Ga kuma tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Arewa a 2016, kuma har yau takan dawo. Idan aka haɗa waɗannan, sai a gane hikimar da ke cikin cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuskuren da yake karya gwiwar masu fara lambu a wannan lokaci shi ne shuka abin da lokacinsa ya wuce. Latas da kabeji da karas 'yan sanyi ne, kuma wanda bai shuka su tun Nuwamba ba ya makara. Tumatir ma yakan zubar da fure idan zafi ya tsananta, a yi ta ban ruwa ana kallon ganye ba 'ya'ya. Masu jure bazara su ne namu na gado: alayyafo da rama da lalo da yakuwa da karkashi da kuɓewa da zogale. Alayyafo yakan isa yanka cikin kimanin mako huɗu, kuɓewa kuma takan fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu. Wato wanda ya shuka a tsakiyar Fabrairu zai fara cin moriya daidai lokacin da kasuwa take fara tsada.

Ba a buƙatar fili mai yawa. Tsohon buhun taki ko fasasshen bokiti ko tayar mota sun wadatar. A haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu da kashi ɗaya na rairayi, a huda ƙasan buhun don ruwa ya riƙa tsiyaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, musamman kashin kaji, don haka sai wanda ya kwana biyu a juji. A rufe saman ƙasar da ƙaiƙayi ko buntun shinkafa domin danshi ya jima, a jera buhunan inda za su sami hantsi su kuma tsira daga ranar azahar, a kewaye su da dangar kara saboda kaji da awaki.

Na san tambayar da za ta biyo baya ita ce ta ruwa, tunda a bazara rijiyoyi suna ja. Mu yi ɗan lissafi. Gida mai mutum takwas, idan kowa ya yi alwala sau biyar da rabin lita, an zubar da lita 20 ke nan a rana, kusan jarka guda. Idan aka tara wannan a baho, aka haɗa da ruwan tsari da na wanke shinkafa, zai shayar da buhuna da dama safe da yamma. Ruwan wanki mai omo ne kaɗai za a kauce wa, domin gishirin da ke cikinsa yana kashe ƙasa a hankali.

Sai batun gashi, wanda wasu za su ɗauka bai kai a kawo shi shafin jarida ba. Duk wanda yake riƙe da gida ya san abin da mayukan gashi da sabulan wanke kai suke ci a aljihu, ya kuma san yadda iskar hunturu take barin gashi a bushe, yana kakkaryewa, ga amosani. Akwai kuma batun lafiya. Yawancin mayukan miƙar da gashi suna ɗauke da sinadarai masu kaifi irin soda, waɗanda sukan ƙona fatar kai. A Oktoban 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mata fiye da 33,000, inda suka ga cewa sankarar mahaifa ta fi yawa da fiye da ninki biyu a cikin masu yawan amfani da irin waɗannan mayuka. Binciken ya nuna alaƙa ce, bai yanke hukuncin cewa man ne sanadi ba, amma ya isa ya sa mai hankali ya yi taka-tsantsan.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin mafita. Na tashi na ga ana jiƙa garin karkashi a ruwa mai ɗumi har ya yi yauƙi, a cuɗa shi a kai bayan an yi tsifa, a taje, a ɗauraye. Wannan yauƙin da yake sa tuwo ya wuce maƙogwaro shi ne yake lulluɓe silin gashi, ya warware cukurkuɗewa, mataji ya wuce ba tare da tsinka ba. Ruwan dafaffiyar kuɓewa yana yin irin wannan aiki. Ganyen magarya da aka daka yana ɗan kumfa, yana kuma wanke datti. Lalle, wanda ake dasa reshensa ya zama shinge a gida, yana da sinadarin da yake kama jikin gashi ya ba shi launi da kauri. Bayan wanki sai a bi da man kaɗe ko man shanu ko man riɗi tun gashin yana da ɗan danshi, domin aikin mai shi ne tsare ruwan da ya riga ya shiga.

Duniya ta farga da darajar irin wannan ilimi. Garin chebe na matan Chadi yanzu ana sayar da shi a Turai da Amurka cikin kwalabe masu tsada. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaron kaɗanya zuwa waje na wata shida, bisa hujjar cewa Nijeriya ce take samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kuɗin kasuwar bai kai kashi 1 ba. Mu kuwa muna sare kaɗanya don gawayi, itacen da yakan shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya.

Sai dai kasancewar abu na gargajiya ba ya nufin ba shi da illa. Duk haɗin da aka yi da ruwa, kamar karkashi ko kuɓewa, yana lalacewa cikin 'yan kwanaki a zafin bazara, don haka a haɗa na rana ɗaya kawai. Ganyen da za a jiƙa a mai, kamar zogale, sai ya bushe ƙarau a inuwa, in ba haka ba man zai yi hunhuna. Yawan kanwa yana busar da gashi. Baƙin rini da ake gaurayawa da lalle yana sa wasu kumburi da ƙuraje. Makero a kan yaro kuma cuta ce da take buƙatar maganin asibiti. Kitso mai tsananin ɗauri yana cinye gashin goshi, kuma babu man da zai hana hakan in ba a sassauta hannu ba. Wadda take son ta mayar da haɗinta sana'a, ta zuba a kwalba ta kai kasuwa, to ta nemi rajistar hukumar NAFDAC.

A nan ne mu malaman jami'a muke da aiki. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta NAERLS suna Samaru ta Zariya, ga hukumar KTARDA a Katsina, ga jami'ar tarayya a Dutsin-Ma. Ina kira gare su da su tanadi ingantaccen irin alayyafo da kuɓewa da karkashi a ƙananan ƙunshi masu araha, su kuma yi bayanin noman buhu da Hausa ta rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure, inda saƙo yake saurin shiga gida. Ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga karkashi nan yana jiran wanda zai auna shi ya rubuta.

Lambun buhu ba zai maye gurbin gona ba, ba zai kuma sauke wa hukuma nauyin samar da tsaro ba. Amma gidan da ya jera buhu goma a wannan mako zai shiga Afrilu da ganyen miyarsa da abin wanke kan 'ya'yansa mata, kuɗin da ya rage kuma ya tafi ga hatsi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu.