Tsadar Sabuwar Waya Ta Buɗe wa Masu Gyara Kasuwa a Jalingo

JALINGO: Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwar canji, cinikin wayar salula ya soma sauya kama a garin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Mutumin da a da yakan jingine waya ya sayi sabuwa da zarar gilashinta ya fashe ko batirinta ya daina riƙe caji, yanzu wurin mai gyara yake fara nufa, kuma ba ya tunanin sabuwa sai an tabbatar masa cewa tsohuwar ta gama aiki.

Wannan sauyi ya jawo kuɗi zuwa teburin masu gyara, daga bakin babbar kasuwar garin har cikin unguwanni irin su Yelwa. Sai dai ya zo ne daidai lokacin da kamfanonin da ke ƙera wayoyi da agoguna da kwamfutoci suke fito da na'urori masu wuyar buɗewa, masu wuyar sauya wa kaya. Mai jarin da ke son shiga wannan harka yana bukatar ya duba ɓangarorin biyu kafin ya zuba kuɗinsa.

Daga layin NITEL zuwa aljihun kowa

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, wayar tarho abu ce ta ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali. Har zuwa shekarar 2000, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowanne, inda kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Kamfanin Globacom ya biyo baya a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, abin da ya karya farashi. A ƙarshen 2024, layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, duk da ɗimbin layukan da aka toshe saboda rashin haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Abin da ya mayar da waya jarin sana'a kuwa shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sakamakon sauya fasalin Naira. A watannin nan, mai shago da mai sayar da hatsi da dillalin shanu duk sun koma karɓar kuɗi ta waya, kuma da yawansu ba su sake komawa tsohon tsari ba. Ɗan kasuwar da ke sayo doya a Dan Anacha ko shanu a Iware yana jin farashi ta waya, ya biya ta waya, ya bi sawun direbansa ta waya. Ga irin wannan mutum, wayar da ta kwana biyu a wurin gyara asarar cinikin kwana biyu ce. Saboda haka abin da yake saye a wurin mai gyara ya haɗa da sauri, ba ƙwarewa kaɗai ba.

Lissafin canji

Kusan duk wayar da ake sayarwa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta yana bin Dala sau da ƙafa. Kafin Yunin 2023 ana canza Dala a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma, da kimanin Naira 750 a kasuwar bayan fage, inda ƙananan masu shigo da kaya da dama suke samun tasu. A cikin 2024 Dala ta haura Naira 1,500 a kasuwannin biyu. Ke nan wayar da kuɗinta yake Dala 100, wadda a da take tsaya wa ɗan kasuwa a kan Naira 75,000, ta koma Naira 150,000 ko fiye, tun ba a sa kuɗin kwastan da na mota da riba ba.

A daidai wannan lokaci aljihun mai saye yana ramewa. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Magidancin da kuɗin abinci da na mota suka cinye masa albashi ba shi da zaɓi illa ya tsawaita rayuwar wayar da ke hannunsa.

Tilas ne a lura cewa kayan gyaran su ma da Dala ake sayo su, saboda haka sun yi tsada gwargwado. Bambancin shi ne, gilashi ko batir ko bakin caji ɗan yanki ne na kuɗin waya, sannan kuɗin aikin hannu da Naira ake biyansa. A nan ne ribar mai gyara take. Mai sayar da sabuwar waya yana ɗaure jari mai yawa a kan riba 'yar kaɗan, kuma idan Naira ta farfaɗo kayan da ke kantarsa sai su faɗi. Mai gyara kuwa jarinsa na kaya kaɗan ne, babban jarinsa yana hannunsa.

Sababbin wayoyi, sababbin matsaloli

Kasuwar ƙasar nan tana hannun kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da Itel, wanda ke riƙe da kusan rabin cinikin manyan wayoyi a nahiyar Afirka. Ya samu wannan matsayi ne da waya mai layi biyu, mai batir mai daɗewa, mai sauƙin kuɗi, kuma yana da sashen gyara nasa mai suna Carlcare. Yawan waɗannan wayoyi ya sa kayan gyaransu suna samuwa, kuma a kansu ne akasarin masu gyara suka koyi aiki.

To amma yanayin ƙirar waya ya canza. A da mai waya da kansa yake cire murfi ya sauya batir. Yanzu ana manne batir da gilashi da gam, sai an ɗumama da na'ura kafin a ɓamɓare, kuma wayar da aka yi ta don jure ruwa takan rasa wannan kariya idan ba a mayar da mannin yadda ya kamata ba. Wayoyi da yawa sun koma amfani da gilashin OLED, wanda ya fi tsohon samfurin LCD tsada nesa ba kusa ba. Idan aka sa wa irin wannan waya gilashi mai araha, hoton yatsa da ke ƙarƙashin gilashin yakan daina aiki, batir kuma ya riƙa saurin ƙarewa. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai gyara da mai waya daga nan take farawa, musamman idan ba a yi bayani tun farko ba cewa kayan da aka sa ba na asali ba ne.

Akwai kuma ɗaure kaya da lamba. Kamfanin Apple yana haɗa gilashi da batir da kyamara da lambar injin wayar, ta yadda idan an sa wani daban wayar za ta nuna gargaɗi, wasu ayyukanta ma su tsaya. A 2024 kamfanin ya sassauta, ya ba da damar amfani da kayan asali da aka ciro daga wata waya, amma ya kulle kayan duk wayar da mai ita ya bayyana cewa ta ɓata ko an sace. Haka zalika, tun daga iPhone 14 na shekarar 2022, wayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin katin sim, sai layin eSIM da ake saukarwa ta manhaja. Mai sarin tokumbo da bai san wannan ba yana iya cika kanta da kayan da za su yi masa wuyar fita.

Ma'anar duk wannan ita ce, aikin sauya kaya yana raguwar riba, aikin gyaran injin waya kuwa yana ƙaruwar daraja. Wanda ya iya bin layin wuta da mita, ya gano ƙwayar da ta ƙone, ya cire ta da na'urar iska mai zafi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, shi ne sauran masu gyara suke kai wa aikin da ya gagare su.

Nisa da wutar lantarki

Jalingo tana da tata matsalar ta daban. Manyan dillalan kayan gyara suna kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, fiye da kilomita 1,000 daga nan, sai kuma kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano. Duk abin da ya taɓa waɗannan kasuwanni ko hanyoyinsu yana isowa teburin mai gyara a Yelwa. Karyewar gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a watan Agustan 2024 ta ƙara tsawon lokaci da kuɗin dakon kayan da ke fitowa daga kudu, sannan gobarar da ta tashi a kasuwar Farm Centre ranar Babbar Sallah ta watan Yunin 2025 ta cinye dukiyar 'yan kasuwa masu yawa.

A nan akwai gurbi ga mai jari: ajiye kayan gyaran wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a, domin mai gyara ya samu a rana ɗaya maimakon jiran mota. Haɗarinsa shi ne samfuri yana tsufa da wuri, gilashin da ba a sayar ba bana yana iya zama kwantai baɗi. Bashin banki ma ba mai sauƙi ba ne, ganin cewa Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwambar 2024. Wanda zai ajiye kaya da kuɗin aro sai ya tabbata kayan suna juyawa da sauri.

Wuta kuma ita ce ɗaya kuɗin da ba a kauce masa. Jihar Taraba tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola, kuma ɗaukewar wuta tana tsayar da aikin da ya dogara ga abin narka dalma. Da yake na'urorin gyaran waya ba su cin wuta da yawa, ƙaramin tsarin sola da batir yakan wadatar da shago, ya kuma kawo kuɗin shiga na biyu ta hanyar cajin wayoyin jama'a. Rashin daidaiton wuta da caja ta jabu su ne kuma ke ƙona wayoyi da yawa da ake kawowa gyara.

Agogo da kwamfuta

Agogon zamani mai haɗuwa da waya ya shigo kasuwa sosai, musamman samfura masu araha irin na Oraimo. Ta fuskar ciniki, kayan sayarwa ne fiye da kayan gyara, domin a manne yake gaba ɗaya kuma kuɗin gyaran mai araha yakan kusa kai kuɗin sabo. Mai shago ya kiyayi tallata shi a matsayin na'urar asibiti. A Fabrairun 2024 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga da ya dogara ga irin wannan awo yana wasa da ransa ne.

A ɓangaren kwamfuta, ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin kyauta na yau da kullum ga manhajar Windows 10. Windows 11 kuwa tana bukatar ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da inji na baya-bayan nan, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ofisoshin Turai da Amurka da suka sauya na'urorinsu sun ƙara yawan gwanjon da ke kwararowa Afirka. Garin da ke da Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, da cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, kasuwa ce ga irin wannan kaya. Sai dai araha ba ta ado: kwamfutar da ba ta samun sabuntawar tsaro ba ta dace da ajiye lissafin kamfani ko shiga asusun banki ba, kuma wajibi ne mai sari ya tantance kafin ya biya.

Dokokin Turai da amanar gida

Wani sauƙi yana tahowa daga inda ba a zata ba. Tarayyar Turai ta wajabta bakin caji iri ɗaya, wato USB-C, ga wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta daga 28 ga Disamba, 2024, kuma Apple ya riga ya koma kansa tun iPhone 15 a 2023. Daga 20 ga Yuni, 2025, wata ƙa'idar ta tilasta wa masu ƙera waya su samar da kayan gyara har shekara 7 bayan daina sayar da samfuri, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5. Waɗannan dokoki ba su hau kan Nijeriya ba, amma wayoyin da ake sayarwa a can su ne tokumbon da za su iso nan bayan 'yan shekaru, tare da kayan gyaransu.

Abin da doka ta waje ba za ta gyara ba shi ne amana. Wayar da ake miƙa wa mai gyara tana ɗauke da asusun banki da hotunan iyali da sirrin ciniki, kuma tun Yunin 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a. Haka kuma sayen wayar hannu ba tare da bincike ba yana iya kai mai shago ofishin 'yan sanda. Shagon da ke ba da rasit, ya rubuta lambar IMEI mai lamba 15 da ake gani ta danna *#06#, ya faɗa wa mai waya ko kayan da aka sa na asali ne, ya kuma ba da garanti ko da na mako biyu, ba ya kashe komai a kan wannan sai takarda da biro. A gari irin Jalingo, inda labarin mai sana'a yake zagaya unguwa kafin la'asar, wannan ne ke raba shagon da ake layi a ƙofarsa da wanda ake wucewa.