Raƙumin Dawa: Sunan da Bahaushe da Bagirke Suka Yi Tarayya a Kansa

Duk wanda ya dubi raƙumin dawa ya san dalilin da ya sa Bahaushe ya raɗa masa wannan suna. Ga dogon wuya, ga dogayen ƙafafu, sa'an nan idan yana tafiya yakan ɗaga ƙafafun gefe guda a tare, kamar yadda raƙumi ke yi. Abin mamaki shi ne, Girkawa da Rumawa na zamanin da can su ma raƙumi suka gani a jikinsa. Sun kira shi "kamelopardalis", watau raƙumi-damisa, saboda dabbare-dabbaren fatarsa, kuma masana dabbobi har yau suna riƙe da wannan suna. Amma dukkanmu kama ce ta ruɗe mu, gama ya fi kusa da saniya da barewa a dangantaka. Wuyan nan kuwa, duk tsawonsa, ƙasusuwa 7 ne kacal a cikinsa, daidai da na ɗan Adam.

Sunan da Turawa ke kiransa da shi yanzu daga Larabci suka aro, watau "zarafa". A shekarar 1826 Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, ya aika wa Sarkin Faransa Charles na 10 kyautar wata 'yar raƙumar dawa da aka kama a ƙasar Sudan. Sai da aka huda rufin jirgin ruwa domin ta sami wurin fid da kai, aka kuma haɗa ta da shanu uku masu ba ta madara. Da ta huta a Marseille, a 1827 aka ɗinka mata rigar ruwa, ta taka da ƙafa har birnin Paris cikin kwana 41, jama'a na tururuwa a kowane gari. Matan birnin har gyaran gashi suka ƙirƙiro da sunanta. Ta rayu a can har 1845.

To, ina labarin namu na gida? A da, irin na Afirka ta Yamma ya bazu tun daga Senegal har yankin Tafkin Chadi. Farauta da sare daji da fari suka yi ta cinye shi, har a 1996 aka ƙirga guda 49 tak, dukkansu a kewayen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a Jamhuriyar Nijar. Ke nan ɗalibinmu ya san sunan a littafi, amma da wuya ya taɓa ganin mai sunan a dawa. Gwamnatin Nijar da manoman yankin suka tashi tsaye wajen kare su, ko da yake dabbobin kan yi musu ɓarnar wake a gona, har adadin ya haura 600. A 2018 aka ɗebi guda 8 a mota aka kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka shafe shekaru da dama ba a ga ko ɗaya ba.